Inji na ihu, mota ta ƙi gaba

TAMBAYA: Salam Malam, ina da Hilux mai giyar hannu ina ɗaukar kaya da ita zuwa Gembu, to kwana biyun nan in ina hawan dutse sai kawai inji ya ɗau ihu amma motar ba ta ja, kamar na sa ta a firi, in na tsaya na ɗan taɓa giya sai ta ci gaba kamar ba komai. Bakanike ya ce kuloci ne na canza, jiya ta sake yi min. Don Allah meye matsalar?
Wani direba daga Jalingo

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da asarar kuɗin kuloci. Ai shi kuloci in ya cinye ba ya yi yau ya bari gobe, kullum ƙaruwa yake, kuma za ka ji ƙauri in ka taka totur da lodi.

Ni inda na fi zargi shi ne ƙaramar giyar nan ta ogzileri, wadda ke sa mota ta ja da taya huɗu, tunda ka ce kana taɓa giya take dawowa. A sandar ogzilerin, tsakanin H4 da L4 (giyoyin jan taya huɗu) akwai N, wato firi, in sandar ta zame ta faɗa nan to ko wace giya ka saka ba taya ɗaya da zai juya, kuma abin da ke jawo haka sau da yawa robar da giyabos ke zaune a kai ce ta mutu, in mota ta ɗau nauyi a hawa sai giyabos ya motsa ya turo sandar, ko kuma haƙoran cikin ogzilerin sun siɗe.

Ran da ta sake yi kar ka taɓa komai tukuna. Taka birki, yaron mota ya sa waigi, ya tsaya daga gefe ya leƙa farfela, dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin mota da ke kai ƙarfi aksul ɗin baya (daga gefe fa na ce, kar ya shiga ƙarƙashi), kai kuma ka sa giya ta 1 ka saki kuloci a hankali. In farfela na juyawa mota na tsaye, matsalar na aksul ɗin baya, shaf ko difaransha, kuma in ka kulle hob na gaba (makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba) ka sa H4 za ka ga ta tafi. In farfela ba ta juya ba, to ogzileri ne ko giyabos.

Kafin wani ya ce a sauke giyabos, a fara tsiyaye man ogzilerin a roba mai tsabta a duba, in da ɓarɓashin ƙarfe a ciki ka sake rubuto min.