Da gaske soja na tura wa jirgin yaƙi lokeshan kamar a WhatsApp?

Tambaya: Malam, ni mai gyaran waya ne a Samaru. Wani kwastoma ya ce min yanzu sojan ƙasa kan tura wa matuƙin jirgin yaƙi wurin da zai kai hari kamar yadda muke tura lokeshan a WhatsApp. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kwastomanka ya kusa da gaskiya, sai dai a nan babu layin waya, babu data. A da, jami'in da ke ƙasa karanta wa matuƙi bayanai yake yi ta rediyo, layi tara. Matuƙi ya rubuta a takardar da ke ɗaure a cinyarsa, sannan ya danna lambobin da hannu. Ga ƙarar harbi, ga jirgi na gudu. Lamba ɗaya ta kuɓuce, bam ya sauka wani gari.

Yanzu jami'in kan taɓa wurin a taswirar da ke allon na'urarsa, rediyon soja ya aika, alamar ta fito a gaban matuƙi. Sojojin Amurka na amfani da manhajar ATAK, wadda ke aiki a kan Android irin wadda kake buɗewa kullum a shagonka. Jiragen ƙawancen NATO kuma suna musayar bayanai ta wata hanyar sadarwa ta rediyo da ake kira Link 16, mai tsalle tsakanin mitoci 51 don kada maƙiyi ya toshe ta.

Amma na'ura abin da aka ba ta shi take kaiwa. Ranar 5 ga Disamba 2001, a arewacin Kandahar ta ƙasar Afganistan, wani jami'in Amurka ya canza batirin na'urarsa ta GPS. Da ta sake kunnuwa, sai ta nuna inda shi kansa yake tsaye, shi kuwa ya ba jirgin B-52 waɗannan lambobi. Sojojin Amurka uku da 'yan Afganistan da dama suka mutu, Hamid Karzai, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, ya tsira da rauni. Kai da ka san halin waya idan an cire mata batir, wannan ba zai ba ka mamaki ba.

Mu nan ma ba mu manta da Tudun Biri ba, a ƙaramar hukumar Igabi, inda jirgi marar matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi ranar 3 ga Disamba 2023. Can ba lamba ce ta ɓata ba, mutanen ne ba a tantance su waye ba. Har yau abin na ci mini rai.

Shi ya sa a tsarin NATO, ko bayanan sun iso ta allo, dole matuƙi ya tabbatar da wurin, kuma ba ya sakin bam sai jami'in ƙasa ya ba shi izini.