Mun sauka Ingila, amma har yau baƙi muke a coci

Tambaya: Ni da maigidana da yara mun koma Manchesta da zama. Muna zuwa sujada, amma ba wanda ya san mu. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Galibi matsalar ita ce fita da zarar an yi addu'ar rufewa. A can zumunci wajen shan shayi bayan sujada ake ƙulla shi. Ku tsaya, ku gaisa da fasto, ku cike katin baƙi. Bature ba ya faɗo maka gida ba sanarwa, don kunyar takura maka yake ji, saboda haka ku fara gayyata, ku sa rana da lokaci.

Ku zaɓi cocin da za ku iya takawa da ƙafa, domin na nesa sanyin hunturu zai raba ku da shi. Ku shiga ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki ta tsakiyar mako.

In cocin Angilika ne, wanda ya yi baftisma kuma ya kai shekara 16 zai iya shiga rajistar membobi in yana zaune a yankin cocin, ko ya yi wata 6 yana sujada a wurin. Koyar da yara kuwa sai an yi miki binciken DBS tukuna, wato binciken da hukuma ke yi don duba ko mutum yana da tarihin aikata laifi.