Kar ka kama hanyar Kaduna da wannan ƙaramar safayar

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, kace ka sayi Corolla 'yar Kwatano, jiya ƙusa ta shiga tayar gaba ka ɗaura wannan siririyar safayar da ka tarar a but, to yanzu kana so kaji ko zaka iya zuwa Kaduna daga Kano da ita ranar Juma'a, in ka dawo sai a yi facin. Naga har wasu sun ce maka ba komai ai taya taya ce. Don Allah kar ka yi. Wallahi ban saba dogon rubutu ba amma wannan abin ya taɓa faruwa dani da iyalina a cikin mota shi yasa bazan iya wucewa in yi shiru ba.

Kafin komai, je ka tsuguna ka duba jikin tayar da kanka. Zaka ga lambar ta fara da harafin T, kamar T135/80D16 ko T125/70D16, wannan T ɗin ma'anarsa ta wucin gadi ce. Sannan a jikin wilin akwai wata sitika yawanci ruwan ɗorawa an rubuta 80 km/h ko 50 mph, wato iyakar gudun da za a yi da ita kenan, kuma a gefen robar an rubuta 60 psi, wato yawan iskar da ya kamata ta sha. Kamfanonin da suka ƙera motar da tayar ne suka rubuta, ba wani bakanike ba. Nisan da ake ba da shawara kada a wuce da ita kilomita 80 ne zuwa 110 haka, to kai kuma Kano zuwa Kaduna ta haura kilomita 200 zuwa kawai, ga dawowa, ga zafin kwalta da tsakar rana. An yi ta ne ta ɗauke ka daga inda ka tsaya ta kai ka wajen mai faci, aikinta kenan ya ƙare.

Ni abin da ya same ni, muna hanyar Zariya ne daga Kano, ni da maiɗakina da yara uku da kaya cike da but, mun ɗan wuce Kwanar Dangora sai naji sitiyari yana ja na gefe ɗaya, motar tana wani nauyi kamar ana riƙe ta. Na saki totur a hankali na gangara gefe, ina fitowa naga tayar gaban dama ta kwanta. Muka sauke kaya kaf a bakin titi don safayar tana can ƙasa, na ciro ta, a ido lafiyarta lau har gashin sabuntar nan na roba bai goge ba, na ɗaura na sauke jak, ina saukewa ita ma ta lotsa kusan rabi. Shekara biyu ina da motar ban taɓa sa an gwada mata iska ba sbd ina ganin ai sabuwa ce ba a taɓa amfani da ita ba. Ashe taya ko tana ajiye iska na sacewa a hankali a hankali. Haka na lallaɓa da gudun da bai kai na mai keke mai sauri ba har muka samu mai faci, ya sa geji yace 22 ce a ciki. Tayar da ya kamata ta sha 60. Da na taka gudu da ita a haka da zafi zata ɗauka ta fashe, kuma a gaba take, da yara a baya. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kuma ga wani abu da mutane da yawa basu sani ba, masu faci da yawa in ka miƙa musu ita 35 ko 40 zasu sa mata kamar sauran tayoyi, wani ma in kace 60 zai ce maka Alhaji fashewa zata yi. Ba laifinsu bane, basu saba da ita ba. Ka nuna masa rubutun da ke jiki ka tsaya a kansa har geji ya nuna 60. Tunda siririya ce, yawan iskar ne yake bata ƙarfin ɗaukar nauyin motar. Ni yanzu duk sanda zan sa a gwada iskar tayoyi, biyar nake cewa a gwada ba huɗu ba.

Sai maganar da tafi damuna a tambayarka, a gaba ka ɗaura ta. Corolla da tayoyin gaba take ja, su suke juya sitiyari, kuma mafi yawan aikin birki a kansu yake. In gefe ɗaya babbar taya ce ɗaya gefen kuma siririya wadda ta ɗan fi ƙanƙanta, to ba gudu ɗaya suke juyawa ba, ƙaramar tana juyi fiye da babbar, sai kayan cikin giyabos da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun biyu su yi ta aiki ba hutu, a ɗan gajeren nisa ba matsala amma a doguwar hanya kana jawo wa kanka kashe kuɗin da ya ninka na taya sau da yawa. Wani lokacin ma zaka ga wutar ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, ta kama a dashbod duk dalilin kenan. In ka taka birki da ƙarfi kuma motar zata iya fizga gefe, balle a ce an yi ruwa titi na santsi. Shi yasa in dole ta sa zan yi ɗan nisa da ita, aiki biyu nake yi, in cire lafiyayyar tayar baya in maida ta gaba, in sa ƙaramar a baya. Akwai wahala amma hankalina yafi kwanciya. Kuma ka kula da ramuka da tudun rage gudu, motar tana ɗan yin ƙasa ta gefen nan, wilin kuma baya jure duka.

Wajen canjin kansa ba wani abu mai yawa, ka samu waje mai tauri wanda ba gangare ba, ka ja hambirki, ka sa dutse weji a tayar da take ɗaya kusurwar, ka kunna sigina biyu ka ajiye sikoshan da ɗan nisa a baya. Ka fara sassauta notuna tun motar tana ƙasa kafin ka ɗaga jak. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar a kwance ko da jak zai zame, kuma kar ka taɓa sa jikinka a ƙasan mota tana kan wannan ƙaramin jak ɗin. Ina yawo da guntun katako a but don in yashi ne jak nutsewa yake. Ɗaurin noti kuma ka riƙa tsallakewa ɗaya nan ɗaya can, kar ka bi su a jere, in ka sauke ka ƙara ɗaurewa. Mutanen gida su fita daga motar su matsa can nesa da titi, wannan kam bana wasa da shi, manyan motoci basa ganin mutum.

Amma in dare ne kuma a daji, ka san halin da hanyoyinmu suke ciki, ni shawarata kar ka tsaya. Ka ci gaba a hankali a kan facin har ka kai gari ko gidan mai ko inda akwai mutane da haske. Tayar zata lalace, wataƙila har wilin, a sayi wasu.

Ita kuma tayarka da ta yi facin, yau ɗin nan ka kai ta, ai aikin bai kai awa ɗaya ba. In ƙusar a tsakiyar inda ke taka ƙasa ta shiga kuma ramin bai wuce milimita 6 ba, tana gyaruwa, amma kace a cire ta daga wili a liƙe ta ciki, yafi wannan igiyar da suke cusawa ta waje, kuma cirewar ce zata nuna maka ko cikin ya ci. In kaga baƙin gari kamar dusa a ciki to ka yi tafiya a kanta ba iska, ta gama aiki. In kuma a gefe ne ta yage ko ta yi ƙulu, kar ka yarda kowa ya ce zai ɗinke maka ko ya sa tub a ciki, canza ta kawai.

Ka kuma duba shekarun safayar. A jikinta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, misali 2312 yana nufin sati na 23 a shekarar 2012. Motocin nan da ake kawo mana yawanci safayar da suka fito da ita daga kamfani ce har yanzu a ciki, ko ba a taɓa taka ta ba robar ta bushe, su kansu masu ƙera taya cewa suke in ta kai shekara goma a canza ta har da safaya.

Ni dai daga baya Kofar Ruwa naje na sayi wili daidai da na motar na sa masa cikakkiyar taya, tunda ina yawan bin hanya. Sai dai ka gwada tukuna kafin ka biya kuɗi, a wasu motocin ramin but ɗin baya ɗaukar babbar taya, tawa sai da murfin ya ɗan ɗago. In cikin gari kawai kake yawo ƙaramar ta ishe ka indai da iskarta. Amma tafiyar Juma'ar nan, a yi facin a maida tayarka, ita kuma a cika ta 60 a maida ta but sannan ka kama hanya. Allah ya tsare ya kai ku lafiya.