Wutar gaz tana tashi tana faɗuwa

Hajiya, kin ce wutar murhunki ba ta tsayawa daidai alhali tukunyar gaz cike take. Ni detandar nake zargi, wato kan da ake ɗaurawa bisa tukunyar.

A cikinsa akwai faifan roba da naɗaɗɗiyar waya a bayansa. In gaz ya yi ƙarfi sai ya tura faifan, ƙofar da gaz ke bi ta tsuke. In ya ragu, wayar ta maido faifan, ƙofar ta buɗe; haka wuta ke tsayawa daidai. Zafin Maradi na Afrilu na iya busar da robar har ta tsage, ƙurar hunturu kuma ta toshe ɗan ramin iskan murfin detandar.

Ki shafa ruwan sabulu a jikin detandar. In ya yi ta kumfa, akwai yoyo. Don Allah kar a gwada da ashana, kar a liƙe shi. Ki rufe tukunyar, ki kira mai gyaran gaz ya canza detandar.