Ekstenda na ta yanke min intanet: in gyara ko in sayi wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidana bene ne. Rautar da muke amfani da ita, mai layin waya a ciki, tana falon ƙasa, ɗakina kuma yana sama inda Wi-Fi ba ya kaiwa sosai. Na sayi na'urar ƙara zango, wato ekstenda, na jona a soket ɗin ɗakina. Waya tana nuna min sandunan Wi-Fi a cike, amma bayan ɗan lokaci komai ya tsaya cak, sai na zare ta na mayar. Mai shago ya ce in cika kuɗi ya ba ni mai eriya huɗu. In karɓa? Daga wani magidanci a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Sandunan nan da kake gani a cike ƙarfin haɗin wayarka da ekstenda kawai suke nunawa. Ba su san halin da ake ciki tsakanin ekstenda da rauta ba, balle tsakanin rauta da turken kamfanin sadarwa. Ekstenda ba ta da intanet na kanta. Aikinta irin na ladan ne da ke maimaita kabbara don sahun baya: idan ya tsaya inda shi ma ba ya jin liman, ƙarfin muryarsa ba zai amfani kowa ba. Kai kuwa ka kai ta ka jona a ainihin ɗakin da ka san sabis ba ya isa.

Kafin ka taɓa komai, ka jira ta sake yankewa. Da ta yanke, sauko falo ka haɗa wayarka da sunan Wi-Fi na rautar kai tsaye. Idan can ma babu intanet, to ekstenda ba ta da laifi: matsalar daga layi ce, ko data ta ƙare, ko netwok ya cunkushe kamar yadda yakan yi da daddare. Idan raunin netwok ne, abin yi shi ne matsar da rautar kusa da taga. Idan kuwa intanet na gudu lafiya a rauta, to haɗin Wi-Fi da ke tsakanin rauta da ekstenda ne ke tsinkewa.

Wurin zaman ekstenda shi ne tsakiyar hanya, inda sabis ɗin rauta ke da sauran ƙarfi. A gidan bene, abin da ya fi cinye Wi-Fi shi ne kankaren da ya raba sama da ƙasa, domin cike yake da rodi. Ta wajen matakala sigina ke samun kafar hawa, saboda haka soket ɗin da ke kan matakala ko a barandar sama kusa da ita ya fi na ɗakinka nesa ba kusa ba. Tsaya a wurin da wayarka haɗe da rauta, ka kunna bidiyo. Idan ya tafi ba ya tsayawa, wurin ya yi. Akwai manhajoji na kyauta a wayoyin Android da ke auna ƙarfin sigina da lamba: -60 zuwa -65 lafiya lau, daga -70 zuwa gaba, kamar -75 ko -80, kada ka jona a nan. Ka nisanta ta daga bayan talabijin, firji, babban madubi da tankin ruwa.

Idan ka matsar da ita ta ci gaba da yankewa, sai a shiga saitin rauta. Adireshin shiga da kalmar sirri na rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, da yawa daga cikin na Huawei kuma 192.168.8.1. Nemi wajen da aka rubuta Channel. Yawanci yana kan Auto, ma'ana rauta na sauya tasha da kanta duk lokacin da ta ga dama, kuma wasu ekstendoji, musamman masu araha, sukan ɓace na ɗan lokaci duk sanda aka yi musu wannan ƙaura. Wi-Fi na tafiya ne a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. A zangon 2.4 GHz zaɓi 1 ko 6 ko 11, su ne tasoshin da ba sa hawa kan juna, ka bar faɗin tasha a 20 MHz. A zangon 5 GHz zaɓi tsakanin 36 da 48, domin tasoshin da ke daga 52 zuwa sama da yawansu ana raba su da na'urorin rada, kuma ƙa'ida ta tilasta wa rauta barin tashar da zarar ta ji motsin rada. Duba tsarin tsaro ma. WPA3 ya fito a 2018, tsofaffin ekstendoji ba su san shi ba, kuma idan rauta ta gauraya shi da WPA2 wasu sukan yi ta haɗuwa suna rabuwa. Bar shi a WPA2 zalla. Bayan haka ka mayar da ekstenda saitin kamfani ta hanyar danna ɗan ramin da ke jikinta da tsinke, ka haɗa ta sabo a kusa da rauta, ka sabunta manhajar cikinta, sannan ka kai ta matakala.

Game da mai eriya huɗu: yawan eriya ba ya huda kankare. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne mai zango biyu, 2.4 da 5 GHz. Mai zango ɗaya da baki guda take karɓa take kuma miƙawa, shi ya sa gudun intanet ke raguwa kusan da rabi a bayanta ko da komai na lafiya.

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Kano, rauta na gida, ekstenda na shago da ke jikin gidan. Duk lokacin da aka ɗauke wuta muka tada janareta, wayoyi sai su haɗu amma su rubuta babu intanet. Da rana tsaka kuma lokacin zafi takan mutu ta tashi da kanta. Ta lalace ne?

Amsa: Hajiya, da wuya a ce ta lalace. Idan wuta ta dawo, na'urorin biyu suna tashi tare, amma ekstenda na riga rauta shiryawa, domin ita rautar sai ta nemi netwok tukuna. Wasu ekstendoji idan suka tashi ba su tarar da rauta ba, sai su fara raba wa wayoyi adireshi, wato lambar da ake gane kowace waya da ita a netwok, da kansu. Rauta ta shirya daga baya, wayoyi kuma na riƙe da adireshin da ba ya kai su ko'ina. Maganin gaggawa: kashe Wi-Fi na wayar ki sake kunnawa, ko ki bar ekstenda a zare sai fitilun rauta sun daidaita. Magani mai ɗorewa: wanda ya iya ya shiga saitin ekstenda, ya ba ta tsayayyen adireshi, ya kashe abin da aka rubuta DHCP a cikinta, rauta kaɗai ta riƙa rabo.

In za ki kashe kuɗi, ki kashe a kan ɗan ƙaramin batirin rauta da ake kira mini UPS. Yawancin rautoci 12V suke ci, amma ki duba jikin cajarta kafin ki saya. Da shi rauta ba za ta ma san an ɗauke wuta ba. Ba zai ɗauki ekstendar da ake cusawa kai tsaye a soket ba, wannan sai layin inbata in akwai.

Zafi kuma gaskiya ne. Yawancin na'urorin nan an rubuta a takardarsu cewa iyakarsu digiri 40, kuma Kano a watan Afrilu takan kai haka a inuwa, balle shago mai rufin kwano da dutsen guga a kunne. Sauko da ita daga kusa da rufi, kada ki raba mata soket da dutsen guga ko keken ɗinki mai mota, ki riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ramukan iskarta.

Tambaya: Ina so in kai intanet sashen baƙi da ke bayan gida, tazarar kamar mita 30. Ekstenda biyu zan jera, ko in sayi irin wadda ke bi ta wayar lantarki, ko mesh, wato saitin na'urorin da ke aiki tare a matsayin Wi-Fi ɗaya?

Amsa: Babu ɗaya daga ciki. Ja kebul. Kebul ɗin intanet Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Saka shi a bututun roba saboda rana da ɓeraye, ka jona kai ɗaya a bayan rauta, ɗayan a na'urar da ke sashen baƙi. Idan ekstendar da kake da ita tana da ramin kebul, duba ko tana da tsarin Access Point; da yawa suna da shi, kuma a wannan tsarin ba ta dogara da iska wajen jin rauta, don haka matsalar yankewa da ta rabin gudu duk sun kau. A Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, za a yanka maka tsawon da kake so a matse maka kawunan. Ka sa a gwada shi a gabanka, kuma ka nemi na jan ƙarfe zalla, domin akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe.

Jera ekstenda biyu ɓarnar kuɗi ce: ta biyun daga ragowar ta farko take ci. Masu bi ta wayar lantarki suna son mitar wuta ɗaya da layin wuta ɗaya mai tsafta, kuma gidan da ke sauyawa tsakanin wutar gwamnati, janareta da inbata, ga stabilaiza a tsakani, ba wurinsu ba ne. Mesh, irin su Deco na TP-Link, yana da kyau a babban gida domin waya na wucewa daga na'ura zuwa na'ura da suna ɗaya, amma shi ma katangu biyu da fili tsakani suna wahalar da shi sai an haɗa shi da kebul. Masu Starlink su lura: rautar ƙarni na biyu ba ta zo da ramin kebul ba, sai an sayi adaftarta daban, ta ƙarni na uku ce ke da ramuka biyu a baya.

Tambaya: MiFi nake amfani da shi, ekstenda na ɓacewa da dare.

Amsa: MiFi na kashe Wi-Fi ɗinsa don tattalin batir idan ya ga an daina aiki. Shiga saitinsa ka kashe yanayin barci. Yana kuma da iyakar na'urorin da yake ɗauka a lokaci ɗaya, kuma wayoyin da ke bayan ekstenda suna cikin lissafi. Idan gidan ya wuce mutum biyar ko shida, kuɗin ekstendar da ka tara ka sayi rauta ta tebur mai ramin kebul.