Tambaya da Amsa: Ofis Ya Cinye Mini Rayuwa

Tambaya: Ni ma'aikaciyar banki ce a Kano, kullum ina zaune cikin wani ɗan keɓe mai katangar katako da ba ya kai wuyana, kuma ko na koma gida tunanin aiki ba ya barina. Malam, me zan yi?

Amsa: 'Yar uwa, wannan keɓen da kike zaune ciki ya samo asali ne daga Amurka, inda Robert Propst na kamfanin Herman Miller ya tsara shi a shekarun 1960 don ma'aikaci ya samu sukuni, amma daga baya kamfanoni suka matse shi domin a cusa mutane da yawa a fili kaɗan, har shi kansa ya koka da yadda aka ɓata manufarsa. Saboda haka ƙuncin da kike ji ba kasawarki ba ce.

Idan lokacin Azahar ya yi, ki tashi ki fita ki yi salla a natse, kada ki ci abinci a gaban kwamfuta. Bayan Isha'i kuma ki daina buɗe saƙonnin ofis a waya, domin wanda zai iya jiran safiya ya fi yawa.