Kalmar sirrin shago ta bi yaro Injamena: a goge kwamfutar ne?

Wani Alhaji mai kayan gyaran babur a babbar kasuwar Garwa ya aiko da wannan tambaya: "Wani yaro ne ya sa mini manhajar lissafi, tana ajiye komai a cikin PostgreSQL, har da sunayen masu bashina. Ya koma Injamena, lambarsa ba ta shiga. Na sayi kwamfuta ta biyu zan haɗa, aka ce in kawo kalmar sirrin postgres, ni kuwa ban taɓa jin ta ba. Wani mai gyara ya ce in ba shi sefa dubu 80 ya goge komai ya sa sabo. In ba shi?"

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Mabuɗi ne ya ɓata, kayan suna nan a ɗaki, ba a kuwa rushe shago don mabuɗi. Ranar da aka goge kwamfutar nan, bakanike ashirin da suka karɓi kaya bashi za su manta da kai gaba ɗaya, ba ka kuma da abin nuna musu. Ga maganar hukuma: Kamaru tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, dokarta ta lissafi kuwa ta ce ɗan kasuwa ya adana littattafansa shekara 10.

Tsohuwar kalmar postgres, wato babban asusun da ke riƙe da komai, kam ka haƙura da ita. PostgreSQL, wato rumbun da manhajarka take zuba lissafi a ciki, ba ya ajiye ta yadda aka rubuta, murɗa ta yake yi ta yadda ba mai iya warwarewa, don haka duk wanda ya ce zai karanto maka ita daga cikinsa cika baki yake. Sauya ta ake yi. Cire manhajar PostgreSQL a sake sawa ma ba magani ba ne, domin a Windows jakar bayanan tana nan ko an cire, sabuwar kuma ita za ta tarar, da tsohuwar kalmar a ciki.

Kafin a taɓa komai, a tsayar da PostgreSQL daga services.msc, wurin kunna da kashe ayyukan Windows, a kwafe jakar da ake kira data dungum zuwa filas. Galibi tana cikin Program Files, ƙarƙashin PostgreSQL da lambar sigar. Kana zaune a yi wannan, filas ɗin kuma aljihunka zai shiga. Ka san halin wutarmu, ba ta sallama in za ta tafi.

A cikin jakar akwai fayil mai suna pg_hba.conf, shi ne maigadin ƙofa. A layukan 127.0.0.1 da ::1, wato kwamfutar kanta, za a ga scram-sha-256 ko md5, ma'ana sai da kalmar sirri ake shiga. A mayar da shi trust, a sake kunna PostgreSQL, a shiga da umarnin psql -U postgres, ba zai nemi komai ba. Sai a rubuta ALTER USER postgres PASSWORD 'sabuwar kalma'; har da alamar ; a ƙarshe, a danna Enter. Daga nan a mayar da fayil ɗin yadda yake, a sake kunnawa. Wannan mataki na ƙarshe shi masu gyara suka fi yi wa ha'inci, don aiki ya riga ya tashi, suna sauri su karɓi kuɗi. Barin trust kuwa barin ƙofa ne a buɗe, yaron shagon da ya ɗan iya kwamfuta zai iya rage adadin tayoyi ba ka sani ba.

Idan tsohuwar sigar PostgreSQL ce ta kafin 9.2, irin wadda wasu ke yawo da ita a filas har yau, akwai wani asusun postgres a cikin Windows kansa. Shi da umarnin net user ake sauya kalmarsa, sannan a je services.msc a sa sabuwar, in ba haka ba PostgreSQL ba zai tashi ba.

Wani tarko kuma: mai yiwuwa manhajar shagon da tsohuwar kalmar take shiga. In aka sauya, za ta ƙi buɗewa har sai an sa mata sabuwar a saitinta. Kada hankalinka ya tashi. Hasali ma a fara leƙa fayil ɗin saitin nata, don wasu manhajojin a fili suke rubuta kalmar, ka ga an huta da sauran wahalar.

Duk aikin nan bai kai awa guda ba a hannun wanda ya iya. Ka biya ladan awa, ba kuɗin sabuwar manhaja ba. In mai gyaran nan bai san pg_hba.conf ba, sallame shi cikin mutunci ka nemi wani.

Sabuwar kalmar kai za ka buga ta da hannunka, mai gyara ya kau da kai. Ka rubuta a takarda biyu, ɗaya tare da takardun shago a gida, ɗaya wurin babban ɗanka ko Hajiya. Sannan a koya maka pg_dump, umarnin kwafe bayanan PostgreSQL, duk Juma'a kafin a tafi masallaci ka kwafi lissafin mako a filas, ka tafi da shi gida.